Yadda Ake Zaɓen Digiri na Biyu a Fannin Koyar da Kiɗa da Waƙa

Kafin ka kalli sunan jami'a, fara tantance irin digirin, don nan ne yawancin masu nema ke tuntuɓe. Kwas iri uku ne masu suna kusan ɗaya. Akwai na makaɗin da bai taɓa koyarwa ba, wanda ke ƙarewa da lasisin shiga aji. Akwai na malamin da ya riga ya mallaki lasisi, ƙarin ilimi kawai yake nema. Na ukun kuwa na bincike ne, mai kaiwa ga digirin digirgir. Sai ka ga makaɗi ya shiga kwas iri na biyun bisa kuskure, ya zuba kuɗin shekara biyu, ya fito da takarda, makarantun gwamnati su ce ba su san zancen ba.

Saboda haka rubuta wa sashen da ke koyar da kwas ɗin a jami'ar kai tsaye ka tambaya: kwas ɗin nan yana kaiwa ga lasisi? Na wace ƙasa ko jiha? A Amurka kowace jiha da nata lasisin. A Ingila PGCE (takardar kammala horon koyarwa bayan digiri na farko) daban, QTS daban, kuma QTS ɗin ne shaidar cancantar koyarwa, don haka ka tabbatar kwas ɗin ya haɗa duka biyun. Kada ka yarda da amsar baka, a ba ka a rubuce.

Sai koyarwar gwaji. Tambayi kwana nawa za ka yi gaban ɗalibai, da wanda zai zo duba ka. A Ingila ƙa'idar ita ce aƙalla kwana 120 a makarantu. Kwas na intanet ya fi araha, gaskiya ne, kuma ya dace da malami mai aji a hannu. Sabon shiga ya kauce masa, domin ba a koyon sarrafa yara talatin masu riƙe da ganguna ta allon kwamfuta.

Duba tsarin koyar da kiɗa da malaman sashen suke bi, kowanne da sunan wanda ya ƙirƙiro shi. Na Kodály ya dogara ga rera waƙa, na Orff ga kayan bugawa da ƙirƙira, na Dalcroze ga motsa jiki. Mai niyyar firamare yana da kyau ya samu horo a ɗaya daga ciki. Mai son sakandare ya nemi darasin jagorancin ƙungiyar mawaƙa.

Gwajin shiga kuwa, ka gyara hannunka a fiyano, don ana yawan tambaya. Ka nemi tallafin mataimakin malami, wato kuɗin da jami'a ke ba ɗalibin da ke taya malamai aiki, tun da wuri, wa'adinsa yakan riga na neman gurbi rufewa.