Yadda na gyara matsalar Wi-Fi a sabuwar kwamfutar cinyata

Sati biyu da sayenta, intanet ya riƙa yankewa da zarar na bar falo na shiga ɗaki, alhali wayata tana kama shi sumul. Ashe katin Wi-Fi ɗin da ta zo da shi ne mai rauni.

Na kwance murfin baya, na yi sa'a katin ba liƙe yake da babban allon cikin kwamfutar ba, a wani ɗan rami da ake kira M.2 yake da noti ɗaya. Na garzaya kasuwar wayoyi ta Farm Centre a Kano na sayo sabon kati, Intel AX201. Na saka, shiru kake ji, kwamfutar ba ta ma san da zamansa ba. Gaggawata ce ta jawo: AX201 sai da furosesar Intel mai CNVi (wato wadda aka gina wani ɓangaren Wi-Fi a cikinta) yake aiki, tawa kuwa AMD Ryzen ce. AX200 ya dace da ita, shi ba ya zaɓe.

Washegari na koma, mai shagon ya ce, "Ai da ka faɗa min tun jiya, Malam," ya canza min.

Wayoyin eriya biyun da ake jonawa a jikin katin su suka fi ba ni wuya, kawunansu kamar ƙwayar gero. Ka cire haɗin batir tukuna, ka saita kowanne daidai kan gurbinsa, ka danna da farce a hankali har ka ji ƙas. Yanzu har daga soro nake samun intanet.