Kurakuran da Aka Fi Yi Idan Ikilisiya Za Ta Raka Fada Ziyarar Ibada Zuwa Roma

A 'yan shekarun nan ana samun ikilisiyoyin Katolika a ƙasarmu da ke shirya tafiya Roma idan Fadansu ya cika shekara 25 da keɓewa a matsayin firist, domin ya yi godiya ga Allah a kusa da kabarin Manzo Bitrus tare da jama'ar da yake kiwo. Niyyar tana da kyau ƙwarai, amma na gaji da ganin kowane sabon kwamiti yana faɗawa ramin da na gabansa ya faɗa, bayan iyaye mata na Zumunta sun daɗe suna adashi saboda wannan tafiya.

Kuskuren da ya fi ɓata mini rai shi ne a shirya komai, daga anko har masauki, a manta da Mas ɗin godiya, wato babbar sujadar Katolika da firist ke jagoranta, alhali saboda shi aka taso. Mutane da yawa suna zaton cewa tunda Fada firist ne, duk cocin da ya shiga a Roma za a ba shi bagade ya yi hadaya. Ba haka ba ne. Dokar Ikilisiya, a sashe na 903, ta tanadi cewa firist ɗin da ba a sani ba ya nuna takardar shaida daga bishop ɗinsa ko shugabansa, wadda ba ta wuce shekara ɗaya da bayarwa ba. Ban da wannan, tun daga 2021 an taƙaita yin Mas a ƙananan bagadan da ke cikin babban cocin Bitrus, sai aka bar wa ƙungiyoyin masu ziyara da suka zo da firist ƙananan ɗakunan sujada na ƙarƙashin ƙasa, kuma su ma sai an nemi wuri tun da wuri an sami amsa. Na taɓa kasancewa cikin wata tafiya da kwamiti ya danƙa wannan al'amari ga dillalin tikiti, shi kuma ya ce an gama komai. Ranar bikin muka isa da sassafe cikin anko, mawaƙa riƙe da littattafansu, sai aka duba aka ce babu sunan ƙungiyarmu. Dattijon da ya yi shekara 25 yana hidimar bagade ya tsaya a cikin taro kamar kowa, ya ji Mas da harshen Italiya, yana ta ba mu haƙuri, alhali mu ya kamata mu ba shi. Tun daga lokacin, ba na yarda a karɓi kuɗin kowa sai na ga amsa a rubuce da ke nuna coci, da rana, da sa'a. Idan cocin Bitrus bai samu ba, akwai na Manzo Bulus da ke bayan ganuwar birni, da na Yohanna a Lateran, da babban cocin Maryamu inda aka binne Fafaroma Francis a 2025, kuma Assisi ba ta da nisa. Amma a rubuta, a jira amsa, a buga ta a takarda.

Abin da ke biye da wannan shi ne mayar da mai bikin ɗan aike. Saboda wataƙila ya taɓa karatu a Italiya, sai a bar masa tafinta, da riƙon kuɗi, da neman wanda ya ɓace, da sasanta rikicin ɗakin kwana. Wannan rashin ladabi ne. A naɗa shugaban tafiya da ma'aji daga cikin jama'a, a kuma gayyaci wani firist na biyu da zai riƙa sauraron furta zunubi, domin Fada ya sami sararin yin addu'a.

Wani kuskure mai tsada ya shafi biza, kuma yana da fuska biyu. Ta farko ita ce jinkiri. Ƙa'idar bizar Schengen, wadda ake shiga Italiya da ita, ta ba da damar miƙa takardu tun watanni shida kafin tafiya, amma sai ka ga kwamiti yana ta taro a kan launin anko har saura 'yan makonni. Dole fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da shafi biyu da ba a buga musu komai ba, sannan a haɗa da inshorar lafiya da za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000. Kuɗin biza na babban mutum Yuro 90 ne tun 2024, kuma idan an hana, ba a mayarwa. Ni ba na amincewa da sayen tikitin da ba a iya mayarwa kafin biza ta fito.

Fuska ta biyu ita ce wadda ba a son faɗa a fili. Da zarar an ji ikilisiya za ta Turai, sai wasu da ba a taɓa gani a coci ba su bayyana da kuɗi a hannu, wani kuma ya kawo ɗan ƙanensa ya ce a taimaka. Wanda ya sa sunan irin wannan mutum a jerin, yana sane da abin da yake yi. Idan yaron ya sulale a tashar jirgin ƙasa ya ɓace, sunan Fada da hatimin bishop ne a kan wasiƙar da aka kai ofishin jakadanci, kuma ikilisiyoyin da za su nemi biza daga baya su ne za su ɗanɗana kuɗarsu. Ku ji tsoron Allah, kada ku yi amfani da bikin firist wajen safarar mutane. Abin da nake yi shi ne, duk wanda katikis da shugaban ƙungiyarsa ba su san shi ba, ba ya shiga, ko ɗan wane ne.

Ganin Fafaroma ma yana da nasa tsari. Babban taronsa da jama'a ranar Laraba ake yi, tikitinsa kyauta ne daga ofishin da ke kula da gidan Fafaroma, don haka duk wanda ya ce a biya shi kuɗin tikiti, a tambaye shi dalili. Galibi ana dakatar da wannan taro a watan Yuli, wanda kuma lokaci ne na tsananin zafi, saboda haka idan ranar keɓewar Fada ta faɗo a nan, gara a yi biki a gida a ɗaga tafiyar zuwa Oktoba. Addu'ar Angelus da Fafaroma ke jagoranta ranar Lahadi da tsakar rana ba ta buƙatar tikiti.

Sauran ƙanana ne, amma suna maimaituwa. Kada a ɗauki kilishi ko dambun nama, domin Tarayyar Turai ta hana matafiya shiga da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu. A gaya wa tela ya rufe kafaɗa da gwiwa, in ba haka ba masu gadi za su mayar da mutum daga ƙofar coci. Kada a sa sabon takalmi a titunan dutse na Roma. Maganin hawan jini da na sukari su zauna a jakar hannu. Kowa ya riƙe katin da ke ɗauke da adireshin masauki, ya kuma kula da aljihunsa a bas mai lamba 64 da ke zuwa Vatican.

Ina kuma roƙon masu tsara jadawali su tuna da tsofaffi. Hawa ƙubbar cocin Bitrus matakala 551 ne, ko an shiga na'urar hawa akwai sauran 320, kuma Matakala Mai Tsarki guda 28 da ke kusa da cocin Yohanna a Lateran a kan gwiwa ake hawan ta. Ba kowa zai iya ba, kuma ba laifi ba ne a zauna a ƙasa a ja rosari. Coci biyu a yini sun isa.

Idan ana son ba Fada takardar albarkar Fafaroma a matsayin kyauta, ofishin sadakar Fafaroma ne ke bayar da ita, kuma kuɗin da aka biya yana tafiya ga matalauta. A nema makonni kafin tashi, a kuma sa mutum biyu su duba rubutun sunansa da ranar keɓewarsa kafin a aika.