Yadda Ake Bin Diddigin Musabbabin Hatsarin Jirgin Sama

Duk lokacin da jirgin sama ya faɗi, tun kafin a gama aikin ceto za ka tarar an riga an yanke hukunci a majalisu da shafukan sada zumunta. Wani zai ce inji ne ya mutu, wani ya ce matuƙin ne bai ƙware ba, wani kuma ya rantse cewa tsohon jirgi ne da Turawa suka gama cin moriyarsa. Wanda yake son sanin haƙiƙanin abin da ya faru sai ya bi hanyar da masu bincike suke bi, domin a yawancin manyan haɗurran da aka yi tun daga shekarun 1950, abin da ya hallaka mutane a mintin ƙarshe an shuka shi ne kwanaki ko shekaru kafin ranar. Imani da ƙaddara bai hana neman sanadi ba, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Ka fara da neman rahoton hukuma. Bisa ƙa'idar Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, ƙasar da hatsarin ya auku a cikinta ita ce take jagorantar bincike, sannan ƙasar da ta ƙera jirgin da wadda aka yi masa rajista a cikinta su turo wakilansu. A Najeriya aikin yana hannun hukumar bincike ta NSIB, wadda ta gaji AIB, a Amurka NTSB, a Faransa kuwa BEA. Ana sa ran rahoton farko cikin kwana 30, amma shi bayanin abin da aka gani ne kawai, don haka kada ka ɗauke shi a matsayin hukunci. Rahoton ƙarshe shi ne mai ɗauke da musabbabi, kuma yakan ɗauki shekara guda ko fiye. Na jirgin Air France da ya faɗa Tekun Atlantika ranar 1 ga Yuni 2009 da mutum 228 bai fito ba sai a 2012, saboda sai da aka shafe kusan shekara biyu kafin a tsamo akwatunan naɗar bayanansa daga zurfin da ya kusa mita 4,000. Waɗannan akwatuna, da ake kira baƙin akwati alhali launinsu ruwan lemo ne, guda biyu ne: ɗaya yana naɗar maganganun ɗakin matuƙa, ɗaya kuma yana naɗar gudun jirgi da nisansa daga ƙasa da halin injinansa.

Idan rahoton ya zo hannunka, ka nemo abu na ƙarshe da ya faru, sannan ka riƙa komawa baya kana tambayar abin da ya jawo shi, har sai ka isa inda wani mutum ya yanke wata shawara. Babu misalin da ya fi kusa da mu kamar na jirgin alhazan da ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato da safiyar 11 ga Yuli 1991. Jirgin samfurin DC-8 ne, mallakar kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi shatarsa yana jigila da sunan Nigeria Airways, ɗauke da fasinja 247 da ma'aikata 14. Abu na ƙarshe shi ne wuta ta cinye cikinsa yana sama, ya faɗi kimanin kilomita uku kafin titin da yake ƙoƙarin komawa ya sauka, kuma babu wanda ya tsira. Wutar ta tashi ne daga ƙafarsa ta hagu, domin tayoyi biyu sun fashe yayin da yake gudu a kan titi, ƙarfen ya riƙa gogar kwalta har ya yi zafin da ya kunna ragowar robar. Matuƙan ba su san da wuta ba, saboda babu na'urar gargaɗi a wannan sashe, sai suka naɗe ƙafafun kamar yadda aka saba, wato suka shigar da garwashi cikin rumbun da wayoyin lantarki da bututan mai suke ratsawa.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa su ce taya ce ta fashe, alhali tambayar da ta fi muhimmanci tana gaba. Binciken ya nuna cewa makanikai sun san tun kwanaki kafin ranar cewa iskar wasu tayoyin ba ta kai ƙa'ida ba, an kuma sauya alƙaluman da ke cikin takardun gyara don su nuna komai lafiya. Daf da tashi babban makanikin ya nemi iskar naitirojin da ake hura tayoyin jirgi da ita, ba a samu nan take ba, kuma jami'in da ke kula da jadawalin jigilar bai yarda a jinkirta ba. Tayar da ba ta da isasshiyar iska ta jibga wa maƙwabciyarta nauyin da ya fi ƙarfinta, ita ta fara fashewa, sannan ɗayar ta biyo baya. A ganina, wanda ya karanta wannan rahoto ya rubuta "matsalar taya" a matsayin musabbabi ya zalunci mamatan, domin tsoron makara da ɓoye gaskiya a takarda su ne suka kai jirgin kan titi a wannan hali.

Wani lokacin komawa bayan takan kai ka shekaru, shi ya sa bai kamata ka tsallake sashen tarihin gyaran jirgi ba, duk da cewa shi ne mafi gundura a rahoto. A 1978 wani Boeing 747 na kamfanin Japan Airlines ya bugi ƙasa da wutsiya wajen sauka a Osaka, bangon ƙarfen da ke can bayan ɗakin fasinja, mai siffar ƙwarya, wanda yake riƙe iskar da aka matsa a cikin jirgi, ya lalace. Ma'aikatan Boeing da suka yi gyaran sun raba farantin haɗin gida biyu, ta yadda layin kusoshi ɗaya ya ɗauki nauyin da aka tsara wa layi biyu. Jirgin ya yi tashi fiye da sau 12,000 a haka, tsaga tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan a gefen kusoshin. Ranar 12 ga Agusta 1985, minti 12 bayan tashinsa daga Tokyo, bangon ya ɓarke, iskar ta fizge mafi yawan wutsiyar ta kuma tsinke dukkan bututan man da ake juya jirgi da su. Matuƙan sun yi kimanin rabin sa'a suna kokawa da shi ta hanyar ƙara wa injina wuta da ragewa kafin ya bugi dutse, mutum 520 suka rasu, huɗu suka rayu. Irin wannan gajiyar ƙarfe ce ta tarwatsa jiragen Comet biyu na Ingila a sararin tekun Italiya a 1954, kuma ba a gane ta ba sai da aka saka gangar jikin wani Comet a cikin katafaren tankin ruwa a Farnborough, ana matsa shi ana sassautawa har ya tsage.

Inda ya fi buƙatar natsuwa shi ne wurin da rahoto ya ce kuskuren matuƙi ne. Sau da yawa maganar gaskiya ce, amma aikinka shi ne ka gano abin da ya sa ƙwararren mutum ya yi abin da shi kansa yake hana ɗalibansa. Hatsarin da ya fi kowanne cin rayuka a tarihin sufurin sama a kan titin filin jirgi ya faru, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, ranar 27 ga Maris 1977. Wani bam da ya tashi a filin jirgin Gran Canaria ya sa aka karkatar da jirage zuwa ƙaramin filin Los Rodeos, wurin ya cushe har ya zama dole jirage su bi ta kan titin tashi kafin su isa inda za su juya. Hazo ya sauko ya rufe filin, hasumiya ba ta ganin jiragen, kuma ba ta da na'urar radar da ke nuna motsin ƙasa. Kyaftin ɗin jirgin kamfanin KLM na Holan, Jacob van Zanten, babban mai horar da matuƙan 747 ne a kamfaninsa, yana kuma cikin damuwar kada sa'o'in aikin da doka ta ƙayyade wa ma'aikatansa su ƙare a tsibirin. Da aka karanto masa hanyar da zai bi bayan tashi, sai ya ɗauka izinin tashi ne, ya saki birki alhali jirgin kamfanin Pan Am na Amurka yana kan titin. Jami'in hasumiya ya ce ya dakata, matuƙin Pan Am ma ya ce suna kan titi, amma da yake sun yi magana a lokaci guda, ƙara kawai ta fi fitowa a rediyon KLM. Injiniyan jirgin ya tambaya ko Pan Am ya fita, kyaftin ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya fita, babu wanda ya sake musa masa. Jiragen biyu suka yi karo, mutum 583 suka rasu. Ka ƙirga abubuwan da suka haɗu, za ka ga da an cire ɗaya kawai da jiragen biyu sun isa lafiya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Bayan wannan hatsari aka taƙaita amfani da kalmar tashi a rediyo ga lokacin ba da izini ko soke shi, kuma yana cikin dalilan da suka sa aka fara koya wa ƙananan matuƙa su yi magana a fili idan sun ga babba zai yi kuskure.

Haka za ka yi da yanayi. Ranar 22 ga Janairu 1973 rashin kyawun yanayi a Legas ya sa aka karkatar da wani Boeing 707 na kamfanin Alia na Jodan, mai ɗauke da alhazai daga Jidda, zuwa Kano, inda ƙafarsa ta karye wajen sauka, ya kauce daga titi ya kama wuta, mutum 176 daga cikin 202 suka rasu. Amma hadari ko hazo shi kaɗai ba kasafai yake kayar da jirgi ba, don haka ka duba abin da matuƙa suka sani da abin da suka yi da saninsu. Rahoton jirgin ADC da ya faɗi a Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido yake cikin mutum 96 da suka rasu, ya ɗora alhakin a kan shawarar tashi cikin yanayin da aka san ba shi da kyau, da kuma rashin bin matakan da aka tsara na fita daga juyawar iska ta farat ɗaya, har fukafukan suka daina ɗaukar jirgin. Wannan juyawar iska ita ce ta kayar da jirgin Delta a Dallas a watan Agustan 1985, abin da ya sa Amurka ta wajabta sanya na'urar gano ta a jiragen fasinja.

Ka kuma auna kowane hatsari da kayan aikin zamaninsa. Lokacin da jirage biyu suka yi karo a saman Grand Canyon ta Amurka a 1956 mutum 128 suka rasu, matuƙa da idanunsu suke kauce wa juna a wannan yanki, kuma wannan ne ya kai ga kafa FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, a 1958. Shekara 40 bayan haka, da jirgin Saudiyya da na Kazakistan suka yi karo kusa da Delhi mutum 349 suka rasu, na'urar hana karo ta riga ta samu, sai dai ba a wajabta ta a can ba tukuna, don haka tambayar ta koma kan hukumomi. Akwai kuma inda tarkacen da kansu suke nuna hannun mutum, kamar jirgin kamfanin UTA na Faransa da ya taso daga Njamena ya tarwatse a saharar Tenere ta Nijar ranar 19 ga Satumba 1989 da mutum 170, inda alamun sinadarin bam a jikin wata jaka suka mayar da binciken hannun alƙalai.

Kafin ka rufe rahoto, ka karanta shawarwarin da ke ƙarshensa, sannan ka bincika ko irin wannan matsala ta taɓa bayyana a baya da abin da aka yi a kai. A watan Yunin 1972 ƙofar ɗakin kaya ta wani DC-10 na American Airlines ta ɓalle a saman Windsor ta Kanada, daɓen ɗakin fasinja ya rufta ya lalata wasu wayoyin tuƙi, amma kyaftin ya samu ya sauke shi a Detroit ba tare da an rasa rai ba. NTSB ta ba da shawarar a gyara makullin ƙofar, a kuma yi wa daɓen kafofin fitar iska. Maimakon FAA ta fitar da umarnin dole, sai aka yi yarjejeniyar fatar baki da kamfanin McDonnell Douglas, wanda ya ƙera jirgin, cewa zai aika wa masu jiragen takardun shawara. Ranar 3 ga Maris 1974 irin wannan ƙofa ta ɓalle daga DC-10 na kamfanin jiragen Turkiyya jim kaɗan bayan tashinsa daga Paris, ya faɗa dajin Ermenonville, dukkan mutum 346 da ke ciki suka rasu. Da masu bincike suka duba takardun jirgin, sun tarar da hatimin da ke nuna an sanya wa makullin wani farantin ƙarfafawa, da suka duba ƙofar kanta kuwa babu farantin. Umarnin dole na FAA ya fito ne cikin kwanakin da suka biyo bayan hatsarin.