Yadda na gyara DVD ta waje da kwamfuta ba ta gani in an kunna

DVD ɗin nan ta USB ta daɗe tana ba ni wahala, wani lokaci in na kunna kwamfuta ta bayyana, wani lokaci shiru kamar ba a jona komai ba sai na zare wayar na mayar. Ashe wuta ce ba ta isarta. Ramin USB 2.0 500mA (ma'aunin ƙarfin wuta) kawai yake bayarwa, na 3.0 kuma 900mA, ita kuwa in ta fara juya faifai tana jan wuta sosai, ga shi a kan hub take, wato abin da ke raba ramin USB ɗaya zuwa da yawa, tare da maus da kibod. Sai na mayar da ita ramin bayan kwamfutar kai tsaye, mai shuɗin nan na 3.0.

Matsalar ta yi sauƙi amma ba ta daina ba. Sauran matsalar daga Fast Startup na Windows ne, ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya, ajiye yanayin direbobi (manhajojin da ke sarrafa na'urorin da aka jona) yake ya dawo da su yadda suke. Na shiga Control Panel, Power Options, na cire masa alama, na kuma kashe USB selective suspend, wanda ke sa ramin USB barci in ba a amfani da shi don tsimin wuta. Kunnawa ta ɗan ƙara jinkiri, amma wallahi gara hakan, yanzu kullum tana fitowa.