Darasi Na Tara: Teburin Cin Abinci Na Babban Falo

Toh 'yan uwa, yau tef za mu ɗauka mu yi awo. Da yawanmu a tabarma muka tashi muna cin tuwo, amma yanzu in mutum ya gina babban falo sai ya so teburi, kuma kuskuren da nake yawan gani shi ne a je wa kafinta a ce "Malam yi min ƙato", ba awo ba komai, ranar da aka kawo sai a ga ko ƙofa ya ƙi shiga.

Ku fara da ɗakin tukuna. Tsakanin bakin teburi da bango a bar aƙalla santimita 90, don mai zama ya ja kujera baya, mai kawo abinci ma ta wuce da tire ba sai ta karkace ba. Tsayin teburin daga ƙasa santimita 75, mazaunin kujera 45. Kowane mutum ana ba shi faɗin 60, amma ni nakan ce 70, saboda wanda ya sa babbar riga ranar sallah hannun rigar kaɗai ya cinye wajen maƙwabcinsa.

Mutum 8 kuke so? Uku nan, uku can, ɗaya ɗaya a kai da ƙarshe, tsawo 240 faɗi 100 ya isa, kuma faɗin nan kar ku rage shi don tsakiya wajen kuloli ne da jug. Kenan filin da za ku ware 420 ne da 280. Ku zana da alli a ƙasa, ku jera kujeru ku zagaya ku gani.

Teburi na zamani ba ya son tarkacen sassaƙa, sama a shafe, ƙafafu na ƙarfe baƙi wanda mai walda zai haɗa, a ɗan shigo da su ciki kar gwiwa ta riƙa bugu. Kusurwa kuma a goge kaifinta saboda goshin yara, wannan don Allah kar a manta.

Katako ku nemi maɗaci busasshe. Ɗanye kam da hunturu ya shigo zai tsage ko ya lanƙwashe, kuɗinku sun tafi. A shafa maganin gara kafin folish.

Aikin gida: kowa ya auno tsawo da faɗin falonsa, ya cire 180 daga kowanne, ya rubuto abin da ya rage. Faɗin ƙofa ma a auno.