Yadda Ake Zaɓen Filon da Zai Hana Takunkumin CPAP Yoyon Iska

Mai fama da ɗaukewar numfashi a cikin barci, idan likita ya ɗora shi a kan na'urar CPAP, wato na'urar da ke hura iska ta tiyo zuwa takunkumin da ake ɗaurawa a fuska don maƙogwaro ya zauna a buɗe, yawanci ba na'urar ce ke fara ba shi wahala ba, takunkumin ne. Ka ɗaura shi daidai kana zaune a bakin gado, babu inda iska ke fita. Da ka kwanta ka juya gefen dama, sai ka ji iska tana huro maka ido, ko tana yin fito a gefen kumatu har mai ɗakinka ta farka. Abin da ya faru shi ne filo ya tura takunkumin daga gefe guda, robar da ke manne da fata ta ɗaga a ɗaya gefen. Iskar da ya kamata ta buɗe maƙogwaro ta tsere, minshari ya dawo, gari ya waye kana jin kamar ba ka runtsa ba.

Kafin ka kashe kuɗi, ka tabbatar filon ne mai laifin. Kunna na'urar da rana, ka kwanta rigingine minti 5, sannan ka juya gefe kamar yadda ka saba barci, ka zagaya bakin robar da bayan yatsanka. Idan a rigingine shiru ne amma a gefe iska na fita, filo ne. Idan ko'ina tana fita, to ko dai girman takunkumin bai dace da fuskarka ba, ko robar ta tsufa ta saki, ko maiƙo ya hana ta kama fata. Man kaɗanya da basilin da muke shafawa da hunturu suna cikin manyan masu jawo wannan, don haka a wanke fuska kafin a kwanta, a kuma riƙa wanke robar kullum da sabulu marar ƙarfi. Wanda kuwa ke tashi da busasshen baki alhali takunkumin hanci yake sawa, iskarsa ta baki take fita, kuma babu filon da zai gyara wannan sai madaurin haɓa ko takunkumi mai rufe hanci da baki.

Allon na'urar ma yana ba da labari. Na'urorin kamfanin ResMed suna ɗaukar yoyon da ya wuce lita 24 a minti ɗaya a matsayin mai yawa. Wasu kamfanonin suna haɗa lissafin da iskar da aka tsara ta fita ta ƙananan ramukan takunkumi, don haka lambarsu ta fi girma. Kada ka kwatanta naka da na wani.

Filon CPAP ya bambanta da na gida da abu ɗaya muhimmi: an yanke masa gurbi a gefen dama da na hagu. Idan ka kwanta a gefe, kunnenka da bayan kumatunka da gefen goshinka ne ke kan filon, takunkumin kuma yana rataye a cikin gurbin, babu abin da ke taɓa shi. Girman gurbin ya danganta da irin takunkuminka. Mai rufe hanci da baki yana da faɗi, yana son gurbi mai zurfi da ya kai har ƙasan haɓa. Na hanci kaɗai matsakaicin gurbi ya ishe shi. Ƙaramin nan mai shiga ƙofofin hanci sau da yawa ba ya buƙatar filo na musamman. Filo mai tauri da za ka kwanta a bakinsa ya wadatar.

Sai tsayi, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure. Tsaya a jikin bango ka sa wani ya auna daga gefen wuyanka zuwa ƙarshen kafaɗa. Wannan tazarar ce filon zai cike bayan kanka ya danna shi, ba kafin ya danna ba. Ga yawancin manya takan faɗa tsakanin santimita 10 zuwa 15. Filon da ya yi ƙasa yana sa kai ya karkata, fuska ta nitse, takunkumin ya kai ga katifa. Wanda ya yi tsayi da yawa, musamman a rigingine, yana tura haɓa zuwa ƙirji ya matse hanyar iska, wato ya ƙara cutar da ake magani. Katifa mai laushi tana haɗiye kafaɗa, sai a rage tsayin. Wanda ke kwana a kan katifa mai tauri ko a ƙasa yana buƙatar ƙari. Shi ya sa filon da ake zare masa falle ko a ƙara ya fi wanda aka yi shi dunƙule guda.

Abin da aka cusa a ciki yana da nasa hukuncin. Matashin audugar rimi da muka gada yana da daɗin kwanciya, amma ba ya riƙe siffa: kai ya nitse, gefuna su taso su rungumi takunkumin. Haka filon zare mai laushi na kanti. Soson nan mai riƙe siffar kai, wanda 'yan kasuwa ke ce wa memori, shi ya fi riƙe gurbin, sai dai yana tara zafi. A Kano tsakanin Maris da Mayu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin gumi kansa yana sa robar ta zame. A nemi mai huda-huda, a sa masa rigar auduga zalla. Rigar kuma a kai wa tela ya ɗinka ta bi siffar gurbin. Idan aka saka rigar filo ta yau da kullum aka ja ta ta miƙe, ta toshe gurbin ke nan, an koma gidan jiya.

Ba dole sai na waje ba. Masu aikin kushin da masu sayar da soso a kasuwar Sabon Gari za su iya yanka maka. Ka nemi soso mai nauyi, wanda idan ka danna da tafin hannu ba ka jin tebur a ƙasa, tsawon santimita 60, faɗin 40, kauri gwargwadon awon kafaɗarka. A yanke gurbi a kusurwoyi biyu na ɓangaren da ke fuskantar kafaɗa, kamar santimita 15 a faɗi da 10 zuwa ciki, a bar tsakiyar ta tokare wuya. A fara da ƙaramin yanka. Ka je da takunkuminka, ko ka gwada a gida dare biyu sannan ka koma a ƙara, domin abin da aka yanke ba ya komawa. Sabon soso a bar shi ya sha iska kwana biyu warinsa ya fita.

Tiyo ma yana jan takunkumi. Idan nauyinsa ya sauka ƙasan gado, duk juyin da ka yi sai ya fizge. A bi da shi ta saman kai, a rataye a kan allon gado ko ƙusa a bango, a bar masa sakin da zai isa ka juya dama da hagu. Wasu filolin suna zuwa da ɗan madauri don wannan aikin.

A kula sosai da ƙananan ramukan da ke gaban takunkumi. Ta nan iskar da ka fitar take fita, kuma ba yoyo ba ne. Kada filo ko bargo ko gidan sauro ya rufe su, kada kuma a liƙe su da salatif.

Bayan ka samu filon, sake daidaita madaurin kana kwance a kansa, na'urar tana aiki. Jama'a da yawa sun riga sun ɗaure shi tamau saboda yoyon baya, alhali robar tana buƙatar ɗan sarari ta kumbura da iska kafin ta kama. Sassauta har yatsa ɗaya ya shiga ƙarƙashin madaurin, ka ɗaga takunkumin daga fuska kaɗan ka mayar. Ka ba filon mako biyu kana rubuta lambar yoyon kowace safiya. Idan ba ta sauka ba, ko wuya ya fara ciwo, ko barcin rana bai ragu ba, ka ɗauki takardar da na'urar da takunkumin ka koma wurin likitan da ya ɗora ka a kai. Kada ka taɓa ƙarfin iskar da kanka.