Mararraba Ɗaya Tak: Yadda Ake Rubuta Littafin Rakiyar Fim a Tagwayen Duniya

Littafin rakiya shi ne wanda ake rubutawa a kan taurarin wani fim ko shiri mai dogon zango, bisa izinin masu shirin. Mai karatu ya riga ya san mutanen, ya san muryar kowa da halinsa, sabon labari kawai ya zo nema. A fagen ƙagaggun labaran kimiyya akwai dabarar da marubutan irin waɗannan littattafai suka fi ɗauka: a kwashi taurarin a kai su wata duniya mai kama da tamu, garuruwan su ne, fuskokin su ne, sai dai wani abu ya faru a can da bai faru a nan ba. Ita muke kira tagwayen duniya.

Abin da ya sa ake son dabarar ya fi alaƙa da kasuwa. Mai fim ba ya yarda littafi ya kashe masa tauraro, ko ya aurar da shi, ko ya talauta shi, tunda zango na gaba yana tafe. Sharaɗin da aka saba gindayawa shi ne a mayar da kowa inda aka ɗauko shi kafin shafin ƙarshe. A tagwayen duniya kuwa an sakar wa marubuci mara, yana iya kashe wanda ya ga dama, asalin shirin bai ko girgiza ba. Wannan sakewar ce kuma take jefa yawancin marubuta a rami, don sai su ɗauka komai suka zuba mai karatu zai haɗiye.

Kafin ka rubuta harafi ɗaya, nemi izini a rubuce. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta bar ikon juya aiki zuwa wani sabon aiki a hannun mai shi. Littafi yana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa, fim kuma shekara 50 daga fitowarsa. "Ai mun haɗu da furodusan a Zoo Road ya ce babu komai" ba ya tsayawa a gaban alƙali. Takardar ta faɗi wanda zai mallaki littafin, kason kowa, taurarin da aka ba ka aro, da kwanakin da masu fim za su ɗauka kafin su amince ko su ƙi. A Amurka da Ingila kamfanin fim ne ke riƙe haƙƙin, marubuci ɗan ƙwadago ne: yana miƙa taƙaitaccen tsarin labari, a amince, sannan ya rubuta, a sake dubawa. Kwaikwayi wannan tsarin. Shafi uku zuwa biyar sun isa taƙaitawar, kuma gara a ƙi shafi biyar da a ƙi ɗari uku.

Daga nan sai babban aikin, wato mararraba: lokacin da duniyar can ta rabu da tamu. Guda ɗaya za ka zaɓa, ka ba ta shekara da wuri, ka rubuta ta a jumla ɗaya a shafin farko na littafin ajiyarka. Duk wani bambanci da zai bayyana a labarin dole a iya bin sawunsa har ya koma ga wannan jumlar. In ka ga wani bambanci ya ƙi komawa, ko dai ka cire shi, ko ka yarda kana da mararraba biyu, wanda ke nufin aikin ya fara tsagewa.

Ɗauki misali daga garin nan. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo baya, aka kafa Sabon Gari a wajen badala don baƙin da jirgi da kamfanoni suka kawo, daga baya aka tara dalar gyaɗa. To ka ce a duniyarka layin ya tsaya a Zariya bai ƙaraso ba. Jere na farko na sakamako mai sauƙi ne: babu tasha, babu dalar gyaɗa. Jere na biyu: fataucin raƙuma mai bi ta Agadas zuwa Tarabulus bai mutu da wuri ba, Fagge ta ci gaba da zama zangon ayari, kasuwar Kurmi ba ta sami kishiya mai ƙarfi ba. Jere na uku shi ne wanda mai karatu zai ji a jikinsa: irin tufar da ake yayi, kalmomin aro da ke bakin yara (na Larabci da Buzanci sun rinjayi na Turanci), wane gida ne ya yi arziki, wane ne ya rushe. Ja layi uku a takarda, ka cika kowane jere da abubuwa biyar zuwa bakwai. Mafi yawansu ba za su shiga littafin ba, amma da su za ka riƙa gane abin da zai yiwu a can da wanda ba zai yiwu ba.

Sai dai wannan misalin yana da tarko, kuma da gangan muka kawo shi. In mararrabar ta faru a 1911, yaya aka yi tauraron da aka haifa a 1990 ya wanzu a can da fuskarsa da sunansa? Kakansa da ya zo Kano aikin jirgi bai zo ba, ballantana ya ga kakarsa. Masu karatun da suka goge a wannan fanni sun daɗe suna kama marubuta da wannan tambayar. Littafin rakiya yana rayuwa ne da taurarin da aka sani, don haka mararrabarsa ta zauna cikin rayuwarsu, ko ta wuce haihuwarsu da kaɗan: shekara goma zuwa ashirin da biyar baya. Ranar da uban jarumi ya hau motar da ta yi haɗari, a can bai hau ba. Ranar da jaruma ta karɓi gurbin karatu a Jami'ar Bayero, a can aka yi mata aure. Tsohuwar mararraba irin ta layin dogo ta fi dacewa da labari mai zaman kansa da sababbin mutane.

Ƙorafin da ya fi kowane yawa a bakin masu karatu shi ne "wannan ai ba shi ba ne." Tushensa lalaci ne: marubuci ya juya halin kowa kamar waina, mai kirki ya zama mugu, mugu ya zama waliyyi, shi ke nan. Salon ya shahara ne daga wani kashi na shirin Star Trek da aka nuna a Amurka ranar 6 ga Oktoba 1967, inda na'urar jigila ta samu matsala ta jefa mutum huɗu na jirgin sama jannatin shirin cikin wata duniya mai daular zalunci, kuma Spock na can, tagwayen ɗaya daga taurarin shirin, yana da gemu. Tun daga nan gemu ya zama alamar tagwayen mugu har ana yi masa dariya. (A Kano ma alamar ba za ta yi aiki ba, gemu a nan wani abu daban yake faɗa.) Abin da masu kwaikwayo suke mancewa shi ne Spock mai gemun bai canza hali ba. Mai lissafi ne a can kamar yadda yake a nan, muhallinsa ne ya sauya, shi ya sa masu kallo suka yarda da shi.

Ga yadda za ka yi. Kowane tauraro ka rubuta masa abubuwa uku da ba sa motsi a kowace duniya: abin da ya fi tsoro, abin da ya fi ƙauna, da yadda yake magana. Sannan ka rubuta abin da mararrabar ta ba shi ko ta hana shi. Mutum mai tsoron talauci wanda a shirin ya zama ɗan kasuwar Kantin Kwari mai maƙo, a can inda mahaifinsa ya rayu zai iya zama ma'aikacin gwamnati mai cin hanci. Tsoron ɗaya ne, ƙofar da ya fita ce daban. Magana kuwa kada ka taɓa ta. In yana da wata kalma da yake yawan faɗa, ko yana kiran yayarsa "Yaya Babba" ba ya kama sunanta, bar masa abinsa. Kalla aƙalla kashi goma na shirin da biro a hannu kana kwafe maganganunsa kafin ka fara saka masa naka a baki.

Batun ƙofar da ake bi a tsallaka shi ne inda labari yake tabbata na kimiyya ko ya koma tatsuniya. Ra'ayin duniyoyi masu yawa ya fito ne daga Hugh Everett, ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Princeton, a 1957. Yana fassara kimiyyar kwantam ne, mai nazarin abubuwan da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, ya ce duk sakamakon da zai iya fitowa yana fitowa, kowanne a reshensa. Fassara ce cikin fassarori, masana ba su haɗu a kanta ba, kuma a cikinta rassan ba sa gaisawa da juna. Ke nan ƙofar ƙirar marubuci ce, nauyin tsare dokokinta a wuyansa yake. Amsa tambayoyi uku kafin babi na ɗaya: me ke buɗe ta, me take ci wa wanda ya bi ta, sau nawa za ta buɗu. In na'ura ce mai shan wuta, mai karatun Kano zai fara tambayar inda aka samo wutar, don haka tanadi amsa. In ka ce mutum ɗaya take ɗauka a babi na uku, kada ta kwashi gayya guda a babi na ashirin don kawai ka maƙale. Kuma in boka ko aljani ne ya buɗe ta, littafin na iya yin daɗi, amma kada ka rubuta "kimiyya" a bangonsa. Masu karatun Hausa sun san tafiya sararin samaniya tun Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, suna bambance jirgin sama jannati da dokin iska.

Rikicewa ita ce matsala ta gaba, musamman ga wanda zai riƙa sakin littafin shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad, inda mai karatu ke dawowa bayan kwana biyu ya manta inda aka kwana. Kada ka tsallaka duniya a tsakiyar babi. Kowane babi ya buɗe da alamar da ido zai kama nan take, kamar Ƙofar Nasarawa da fentin da ba nata ba, ko hoton wani daban a jikin naira. Mutum biyu masu suna ɗaya kuma, a ba na can laƙabi tun haɗuwar farko a riƙe shi har ƙarshe. Bambanci na farko ya bayyana cikin shafuka ukun farko, amma mararrabar kanta a riƙe ta har kusan sulusin littafin, domin cankar ta rabin daɗin karatun ne. Abin da ba a yafewa shi ne babin tarihi, inda wani dattijo zai zauna ya karanto wa jarumi duk abin da ya faru cikin shafi takwas. Raba bayanin cikin ciniki, gardama da tsegumin mata a gidan biki.

Akwai haɗarin da ba ya hannunka. Shirin da kake wa rakiya yana ci gaba, yana iya ƙaryata ka. A 1993 wani littafin rakiyar Star Trek ya nuna daular nan ta zalunci tana nan da ƙarfinta bayan kusan shekara ɗari. A 1994 shirin talabijin ya koma duniyar ya ce daular ta faɗi, saboda gyare-gyaren Spock sun raunana ta. Haka a Afrilun 2014, bayan Disney ya sayi Lucasfilm, kamfanin da ya mallaki Star Wars, a 2012, aka cire tarin littattafan Star Wars na shekaru daga asalin labarin aka yi musu tambarin Legends, masu karatu da yawa suka ji an yi musu fashi. Maganin shi ne ka ƙirƙiri duniyarka ta kanka maimakon ka ɗora a kan wadda shirin ya taɓa leƙawa, kuma ka faɗa a shafin farko tsakanin wane zango da wane zango labarin ya faɗo.

Tarihin addini da ƙaddara kuma ba wurin gwajin mararraba ba ne a garin nan. Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano tana duba littattafai kamar yadda take duba fim, masu karatu ma sun riga ta yanke hukunci. Tsaya kan zaɓin mutane, kasuwa, fasaha da mulki, filin yana da faɗi.

In ka gama, ba mutum biyar su karanta: uku da suka haddace shirin, biyu da ba su taɓa kallonsa ba. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, kunya za ta sa su ce ya yi. Masu haddar ka ce su ja layi a duk maganar da suke ganin tauraron ba zai faɗa ba. Baƙin kuma ka tsayar da su a babi uku daban-daban ka tambaye su a wace duniya ake yanzu. In biyu cikin ukun farko suka ja layi a wuri ɗaya, sake rubuta wurin ba tare da musu ba. In baƙo ya kasa amsa sau biyu, alamomin buɗe babi ne ba su fito ba. Sannan ka tambayi dukkansu abin da jarumin ya dawo da shi gida. Masu fim za su so ya koma inda aka ɗauko shi, to ya koma, amma da wani sani da ba shi da shi a da: ya ga mahaifinsa da furfura, ko ya ga irin mutumin da zai iya zama. In amsar da suka ba ka ita ce "ba komai", ko kuma babin ƙarshe ya farkar da shi a kan gado ashe mafarki ne, yage babin ka koma kan takardar nan mai layi uku, ka nemo abu ɗaya daga jere na uku da zai biyo shi har gida.